Ƙungiyarmu ta kasa cin wasa: laifin koci ne ko na 'yan wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Koci. Ina goyon bayan wata ƙungiya ta unguwarmu a Mabera, nan Sakkwato. Bara mun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar da muke bugawa. Bana kuwa wasa bakwai muka yi, an ci mu biyar, canjaras ɗaya, nasara ɗaya. Kocin sabo ne, ya zo ya tarar an riga an ɗauki yara, kuma biyu daga cikin manyan 'yan wasanmu na bara sun tafi. Yawancin ƙwallayen da ake zura mana sai wasa ya kusa tashi. Majalisarmu ta rabu biyu, wasu na cewa a sallami koci, wasu na cewa yaran ne ba su da zuciya. Don Allah laifin wa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan gardama ta girme ka, ni ma ta girme ni. Na haura shekara ashirin ina horar da 'yan ƙwallo, tun daga filayen unguwa masu ƙura har zuwa ƙungiyoyin da ake biyan albashi, kuma duk lokacin da aka ci mu sau uku a jere sai na ji wani daga bayan benci yana cewa, "Wanga koci bai san komi ba, a kore shi!" Wani kuma ya amsa masa, "A'a, yaran ga ne ba su son gudu." Kowannensu yakan yi gaskiya wata rana. Matsalar ita ce duka biyun daga sakamako suke fara magana, alhali sakamako ba ya gaya maka inda ɗaki yake yoyo, yana dai nuna maka cewa tabarma ta jiƙe.

Ma'aunin da nake amfani da shi, a wurin malamanmu na zaure na fara jin sa tun kafin in san ƙwallo: kowa makiyayi ne, kuma abin da aka ba shi kiwo shi za a tambaye shi. A ƙungiyar ƙwallo ma haka ne. Kafin ka ɗora wa mutum laifi, ka tambaya ko abin da ya lalace ɗin yana hannunsa. Wa ya zaɓi yaran? Wa ya zaɓi kocin? Wa ke tsara atisaye, wa ke zuwa atisayen, wa ke biyan kuɗin mota? Idan ka bi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya za ka ga laifin ya rarrabu, kuma kason kowa ya fito fili.

Mu fara da koci, tunda shi ake fara nunawa da yatsa. Abin da ke hannunsa shi ne zaɓen sha ɗayan da za su fara, inda kowa zai tsaya, abin da za a yi idan ƙwallo tana ƙafarmu da abin da za a yi idan ta kuɓuce, nauyin atisaye, canji a tsakiyar wasa, da tarbiyyar sansani. Alamar laifinsa guda ce, kuma ba ta ɓuya: kuskure iri ɗaya da ke maimaita kansa ko da an sauya mutum. Idan yau an ci ku da bugun kusurwa ta turken farko, mako mai zuwa an sa wani ɗan baya daban an sake cin ku ta wurin nan, mako na uku haka, to ba yaran ne ba, ba a koya musu wanda zai tsaya a wurin ba ne. Idan duk sanda ɗan bayan gefe ya hau gaba sai bayansa ya zama wayam babu mai rufe masa, wannan ma aikin allo ne da atisaye. Idan 'yan gaba suna matsa wa abokan hamayya amma 'yan tsakiya suna tsaye can baya, har tazarar da ke tsakaninsu ta isa a gina shago, koci ne bai ɗinke su ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Wata kaka na dage sai 'yan bayana sun riƙa fara wasa daga gida da gajeren fasin, domin na ga ana yi a talabijin kuma na yarda da amfaninsa. Filin da muke wasa kuwa tsandauri ne, ƙwallo tana tsalle yadda ta ga dama, golana kuma hannunsa ya fi ƙafarsa nesa ba kusa ba. Aka ci mu ƙwallaye huɗu cikin wasa uku ta hanya ɗaya tak. 'Yan kallo suka yi ta zagin golan har yaron ya daina cin abinci a sansani. Laifin nawa ne ɗungurungum, domin na ɗora masa kayan da ba a halicce shi da wuyan ɗauka ba. Ranar da na tara su na faɗi haka a gabansu, ranar ƙungiyar ta fara warkewa.

Misalin da ya fi fito da ƙarfin koci a idona shi ne Chelsea ta kakar 2016/17. A kakar da ta gabace ta ƙungiyar ta ƙare ta goma. Antonio Conte ya zo, a watan Satumba 2016 Arsenal ta lallasa shi 3-0, sai ya koma tsarin 'yan baya uku. Ya ɗauko Victor Moses, wanda Chelsea ta yi ta bayarwa aro ga Liverpool da Stoke da West Ham kamar ba ta san abin da za ta yi da shi ba, ya ba shi gefen dama gaba ɗaya, ya hau ya sauko. Suka ci wasa 13 a jere a gasar Firimiya, suka ɗauki kofi. Hazard, Diego Costa, Azpilicueta, Cahill, Courtois, Matic, duk suna nan a kakar da aka ƙare ta goma. Mutanen ba su sauya sosai ba, wurin tsayuwarsu ne ya sauya. Wanda duk ya ce maka koci ba ya da tasiri, ka tuna masa da wannan kaka.

Amma ka koma baya da shekara ɗaya kacal, a ƙungiyar nan dai, za ka ga ɗaya fuskar. José Mourinho ya ci gasar Firimiya da waɗannan yara a Mayu 2015. Zuwa Disamba na shekarar an ci su wasa 9 cikin 16, suna na 16 a teburi, aka sallame shi. Eden Hazard, wanda aka zaɓa gwarzon gasar a kakar da suka ci kofi, bai zura ƙwallo ko ɗaya a gasar ba sai a watan Afrilu 2016. Shin Mourinho ya manta ƙwallo ne cikin wata bakwai? Ko Hazard ya manta yadda ake buga raga? Babu ɗaya. Igiyar da ke tsakanin koci da ɗakin sauya kaya ce ta tsinke, kuma irin wannan igiya bakinta biyu ne. Shi yana da laifin yadda ya riƙa kunyata mutanensa a bainar jama'a, su kuma suna da laifin karɓar albashi cikakke suna ba da rabin ƙarfi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To yaya ake gane laifin ɗan wasa? Nan ne 'yan kallo suka fi yin kuskure, domin idonsu ƙwallo yake bi. Ɗan wasa ya zubar da ƙwallo a gaban raga, ko gola ta zille masa, wannan kuskure ne, kuma kuskure ba laifi ba ne sai ya zama ɗabi'a. Ka tuna wasan Najeriya da Gana a Abuja ranar 29 ga Maris 2022, lokacin da ƙwallon Thomas Partey ta wuce ta ƙarƙashin gola, aka tashi 1-1, muka rasa zuwa Kofin Duniya na Katar. Kowa ya kama sunan gola. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne minti 180 aka buga tsakanin Kumasi da Abuja, da duk 'yan gaban da muke alfahari da su, ƙwallo ɗaya muka ci, ita ma ta fenareti. Kuskuren daƙiƙa ɗaya ya rufe gazawar awa uku.

Laifin ɗan wasa na gaskiya yana cikin abin da babu kocin da zai iya yi masa. Ka bar kallon mai ƙwallo, ka kalli wanda aka ƙwace wa ita yanzun nan. Daƙiƙa biyar ɗin da ke biyo baya su ne shaidar zuciyarsa: ya juya ya bi ta, ko ya tsaya yana ɗaga hannu yana hararar wanda ya ba shi fasin? Ka kalli ɗan gaba idan ƙungiyarsa tana tsaro, yana dawowa ko yana tafiya kamar mai zuwa kasuwa? Ka kalli wanda aka cire, ya zauna a benci yana ƙarfafa 'yan'uwansa ko ya jefar da riga ya nufi ƙofa? Sai kuma abin da ɗan kallo ba ya gani: wa ke zuwa atisaye a makare, wa ke kwana a gidan kallo ko a kan waya har ƙarfe biyu na dare alhali gobe akwai wasa, wa ke ɓoye rauni don kada a ajiye shi, wa ke shan ƙwaya yana cewa tana ƙara masa ƙarfi. Wannan na ƙarshen ya kashe mini yara masu baiwa fiye da yadda karaya ta kashe, kuma har yau in na tuna wasu daga cikinsu zuciyata takan yi nauyi.

Ko a nan ma dai koci bai fita gaba ɗaya ba. Idan yaro ɗaya ne ke tafiya a fili, laifin yaron ne. Idan ya yi haka wasa uku kuma har yanzu shi ke farawa, laifin ya koma kan wanda ke rubuta sunansa. Mikel Arteta, kocin Arsenal, ya karɓe kyaftin daga hannun Aubameyang a Disamba 2021 saboda saɓa dokar sansani, alhali shi ne babban ɗan gaban Arsenal, bayan 'yan makonni ya bar shi ya tafi Barcelona. Ya iya yin haka ne domin shugabannin ƙungiyar sun tsaya a bayansa, kamar yadda suka haƙura da shi ya ƙare na takwas sau biyu a jere kafin ya kai su na biyar, sannan na biyu. Kocin da ya san in ya ajiye wani yaro waya za ta shigo daga sama, ba zai taɓa iya irin wannan hukunci ba.

Yanzu bari in taɓa hujjar da na san 'yan majalisarku masu son a kori koci za su kawo maka. Za su ce ai sau nawa aka sauya koci aka ga canji nan take. Gaskiya ne, an gani. Chelsea ta sallami Villas-Boas a Maris 2012, Di Matteo ya ɗauki kofin Zakarun Turai a Mayu. Ta sallami Lampard a Janairu 2021, Tuchel ya ɗauki kofin nan a Mayu. Wanda ya fi mana ciwo shi ne na Kwaddibuwa: Ikwatoriyal Gini ta ci su 4-0 a gidansu a Janairu 2024, suka rabu da kocinsu Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasar Kofin Afirka, mataimakinsa Emerse Faé ya karɓa, ya fitar da Senegal, da Mali, da Kwango, ya zo ya ci mu 2-1 a wasan ƙarshe a Abijan ranar 11 ga Fabrairu.

Sai dai akwai abin da ake mantawa a ƙarƙashin waɗannan labarai. Ba a korar koci sai ƙungiya ta kai ƙarshen lalacewa, lokacin da rauni da rashin sa'a da wasanni masu zafi suka taru mata wuri ɗaya. Ƙungiyar da asalinta tana da ƙarfi, in ta faɗi ƙasa da matsayinta, yawanci za ta ɗago ko an sauya koci ko ba a sauya ba, kamar yadda zazzaɓi kan sauka bayan ya kai ƙololuwa, sai a yaba wa maganin da aka sha a ƙarshe. Kwaddibuwa ba ta tsallake rukuni ba sai da Maroko ta ci Zambiya. Sébastien Haller, wanda ya ci musu ƙwallon nasara a wasan kusa da na ƙarshe da kuma na ƙarshe, rauni ya hana shi buga wasannin rukuni, wato Gasset bai samu amfani da shi ba. Ban rage wa Faé komai ba, ya yi aiki, ya dawo wa yaran da ruhinsu. Amma kayan aikin da ya samu ba su ne wanda ya gada ya samu ba. Di Matteo kuma, wata shida bayan ya ɗaga kofin Turai, shi ma aka sallame shi.

Labarin Leicester ya fi kowanne kama da abin da ka faɗa mini game da ƙungiyarku, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. Claudio Ranieri ya ci gasar Firimiya da su a 2016, abin da duniya ba ta yi tsammani ba. A bazarar nan Chelsea ta saye N'Golo Kanté. Aka kawo sababbi, har da namu Ahmed Musa, amma babu wanda ke yin aikin da Kanté yake yi, wato ƙwace ƙwallo a tsakiya kafin ta isa ga 'yan baya. 'Yan bayan nan da aka yi ta yabo bara sai ga su tsirara, kowa ya ga ba su da gudu. Sai a Janairu 2017 aka kawo Wilfred Ndidi ya fara toshe ramin. A Fabrairu, suna da tazarar maki ɗaya da masu faɗuwa, aka sallami Ranieri. Mataimakinsa Craig Shakespeare ya karɓa, suka ci Liverpool 3-1, suka ci wasa biyar a jere a gasar, suka fitar da Sevilla daga gasar Zakarun Turai. Mutane suka ce ka gani, Ranieri ne matsala. Wasu suka ce a'a, yaran ne suka ƙi yi masa wasa. A watan Oktoba na shekarar nan shi ma Shakespeare aka sallame shi. Shi kuwa Kanté, a kakar da Leicester ke fafutukar tsira, kofin ya sake ɗagawa da Chelsea. Tafiyar mutum ɗaya, in shi ne turken da rumfa ke tsaye a kai, ta isa ta sa koci nagari ya zama kamar bai san aiki ba.

Wannan ya kawo ni ga mutum na uku, wanda tambayarka ba ta ambace shi ba, kuma a gogewata shi ya fi kowa kaso: mai ƙungiya, ko hukumar gudanarwa, ko a matakin unguwa uban ƙungiya da kwamitinsa. Shi ke ɗaukar koci, shi ke sakin 'yan wasa, shi ke biya ko ya ƙi biya, amma shi kaɗai ne ba a kora. Korar koci ɗaya ta fi korar yara ashirin da biyar sauƙi da arha, kuma tana kwantar da hankalin magoya baya na 'yan makonni. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Dubi Manchester United. Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013 bayan ya ci gasar Firimiya sau 13. Tun daga nan an gwada Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, Amorim, an sayi 'yan wasa an sayar har ba a iya ƙirgawa, a kakar 2024/25 suka ƙare na 15. Kociyoyi masu tsari mabambanta, 'yan wasa zubi bayan zubi, ciwo ɗaya. Idan ka sauya tukunya ka sauya mai girki miya ta ci gaba da tsami, sai ka binciki mai cefane. Shi kansa Ferguson ya zo ne a Nuwamba 1986, bai ɗauki kofi ko ɗaya ba sai 1990, gasar ƙasa kuwa sai 1993. Da majalisarku ce ke da ƙungiyar a lokacin, da bai kai shekara ta biyu ba.

A gida ma muna da shaida, ta ɗaya gefen. Enyimba ta ɗauki kofin Zakarun Afirka a 2003 ƙarƙashin Kadiri Ikhana, ta sake ɗauka a 2004 ƙarƙashin Okey Emordi. An sauya koci, kofi bai bar Aba ba, domin abin da ke riƙe da ƙungiyar yana nan daram. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma ba koci ɗaya ne ya ci mata duka huɗun ba. A 2022 ta faɗi daga babbar gasa, a kakar da aka cire mata maki uku saboda tarzomar 'yan kallo a wasanta da Katsina United. Wannan maki uku ba koci ya zubar da su ba, ba kuma ɗan wasa ba. Ka ga ashe mu magoya baya ma muna da namu kason, kuma ina so ka kai wannan magana majalisarku yadda na faɗe ta.

Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Stefan Szymanski, ya kwatanta albashin da ƙungiyoyin Ingila ke biya da matsayin da suke ƙarewa a teburi tsawon shekaru masu yawa, ya tarar albashin ne ke bayyana mafi yawan bambancin da ke tsakaninsu. Ma'anar haka ita ce ingancin 'yan wasan da aka tara ya fi komai nauyi, kuma wanda ya tara su shi ya fara rubuta makomar kakar tun kafin a busa usur. A wurinmu abin ya fi haka tsanani, domin can ana maganar yawan albashi ne, mu kuwa maganar ko za a biya muke yi. Na taɓa riƙe wata ƙungiya da yaranta suka yi wata uku ba a ba su ko sisi ba. Muka tashi daga Sakkwato zuwa kudu, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, a motar da ta mutu mana sau biyu a hanya, muka isa da asubar ranar wasa ƙafafun yara a kumbure. Aka ci mu 3-0. Muna dawowa aka kira ni ofis aka ce tsarina ne ba shi da kyau. A cikin wannan ƙungiya akwai yara huɗu da ban taɓa ganin wasansu ba kafin a rubuta su, kowanne da takardar wani babba ya zo. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba, na riga na gaya maka inda na yi kuskure. Na faɗa ne don ka san irin abin da ke faruwa a bayan sakamakon da kake gani a allo.

To mu dawo kan ƙungiyarku, da abubuwa uku da ka ba ni.

Kocin ya tarar an riga an ɗauki yara. Saboda haka ingancin yaran ba a wuyansa yake ba, a wuyan waɗanda suka ɗauke su yake. Manya biyu sun tafi: ka bincika a wane wuri suke wasa. In ɗan tsakiya mai tsaro ne da ɗan baya na tsakiya, to kashin bayan ƙungiyar aka zare, kuma abin tambaya shi ne me ya sa suka tafi, me kuma aka yi don cike gurbinsu. Sau da yawa a ƙungiyoyin unguwa yaro ba ya tafiya don an fi ba shi kuɗi a wani wuri, yana tafiya ne don ya ji rauni bara babu wanda ya leƙa shi, ko an yi masa alkawarin takalmi ba a cika ba.

Na ukun ne ya fi ba ni haske, wato cin ku da ake yi in wasa ya kusa tashi. Ƙungiyar da ke riƙe wasa minti sittin ko saba'in ba ƙungiyar da ba ta da tsari ba ce, ba kuma ta marasa zuciya ba ce. Ƙungiya ce da numfashinta ke ƙarewa, ko bencinta ba shi da nauyi. Ƙarfin jiki a ƙa'ida aikin koci ne, kuma a nan ina ɗora masa kaso na gaske, musamman in yana jinkirin canji yana kallon yara suna riƙe ƙugu. Amma ka san garinmu. Zafin Sakkwato a watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, yaron da ya wuni yana kabu-kabu ko yana lodin albasa a kasuwa tun safe, ya zo fili bayan La'asar bai ci abin kirki ba, bai sha ruwa isasshe ba, ba zai ba ka minti casa'in ba ko wane ne kocinsa. Tsakanin La'asar da Magariba ma lokacin kaɗan ne, in rabin yaran suka zo a makare saura nawa ya rage? Ƙarfin da ake ƙarasa wasa da shi a makonni shida kafin fara gasa ake gina shi, ba a fafe gora ranar tafiya. In an kawo kocin ana saura mako ɗaya ko biyu a fara, wannan gibi ma ba shi ya haƙa shi ba.

Hukuncina, bisa abin da ka rubuto: kaso mafi girma na kwamitin ƙungiyar ne, sai koci a kan batun ƙarfin jiki da canji, 'yan wasa kuwa ban ga abin da zan kama su da shi ba tukuna, domin waɗanda ba su da zuciya tun minti ashirin na farko ake cin su. Ban goyi bayan a sallame shi a wasa bakwai da yaran da ba shi ya zaɓa ba. Zan sauya ra'ayi in ka tarar da ɗayan abubuwa biyu: ko atisayensa kullum raba yara gida biyu ne a jefa musu ƙwallo har rana ta faɗi, ba gudu, ba koyar da tsayuwa, ba bugun kusurwa; ko kuma yaran sun daina sauraronsa, yana magana suna hira. Na biyun nan in ya faru da wuya ya gyaru, ko da shi ke da gaskiya.

Saboda haka kafin wasanku na takwas, ka je filin atisaye sau uku ba tare da ka sanar ba, ka tsaya nesa. Ka ƙirga yara nawa suka zo a kan lokaci, ka duba ko akwai ruwan sha a gefen fili, ka lura da abin da kocin ke tsayar da wasa ya gyara. Ranar wasa ka riƙe takarda ka rubuta mintin da aka yi canjin farko da mintin da aka ci ku. Sannan ka samu ɗaya daga cikin yaran nan biyu da suka tafi, ku zauna ku sha shayi, ka tambaye shi dalilin tafiyarsa, ka bar shi ya yi magana har ya gama. Abin da ka samo ka rubuto mini, mu sake dubawa tare.